Kwamfuta a bangon madafa: magini na jirana, ku ba ni shawara

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don magini ya ce ranar Asabar zai fara shafen madafa, daga nan sai a ɗora karo, wato tayil. In bango ya rufu ba mai sake fasa mini shi.

Ga yadda abin yake. Muna ƙarasa gini a unguwar Banifandu, nan Yamai. Ni sana'ata kayan gara da na suna: alkaki, dubulan, cincin, nakiya, kek. Shekara 9 ke nan ina yi a gida. Duk awon da nake aiki da shi yana cikin wani littafi guda, ya sha mai har wasu shafukan sun koma kamar takardar da aka ƙunshe ƙosai, ana hango rubutun baya ta gaba. Odar mutane kuwa duk a salula take. Da azumin da ya wuce ina magana da wata mai biki, salular a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannuna biyu cikin ƙullu, sai ta suɓuce ta faɗa tukunyar ruwan sukari. Mai gyara ya ceto lambobin mutane, amma hotuna da muryoyi sun tafi. A cikinsu har da muryar innata tana gaya mini yadda take haɗa nakiya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Akwai tsohuwar kwamfutar cinya ta maigida, allonta lafiya lau, madannai ne rabi suka mutu. Tunanina a bar mini alkuki a bango kusa da murhun gaz, a sa ta ciki, a yi mata ƙofar gilashi, in riƙa ganin awo da oda ina suya. Abin da zan iya kashewa bai wuce jika 100 ba, wato sefa dubu 100. Wanda ya taɓa yi ko ya san kan abin, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Lawali mai gyara:
Wa alaikumus salam Maman Nafisa. Alkukin a bar shi, amma kwamfutar kada ta kwana a ciki ko dare ɗaya.

Makon jiya aka kawo mini wata daga wani gidan abinci, wai tana mutuwa da kanta. Da na kwance ta, fankar ko da yatsa ba ta juyawa. Tururin mai ya shiga ya kwanta, ƙurar hunturu ta biyo baya ta manne, abin ya daskare kamar tunkuza, baƙi ƙirin. Da tsinken sakace na riƙa ƙwaƙulo shi daga tsakanin haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Da na ɗaga allon ciki kuma, ga ƙwan kyankyaso jere a gefen batir. Su ɗumi suke bi. Wannan fa a kan teburin karɓar kuɗi take, ba ma kusa da kasko ba.

Kwamfutar cinya numfashi take yi, tana jan iska ta ƙasa tana fitarwa ta gefe. Duk abin da ke cikin iskar madafarki cikinta zai ƙare. In kuma kika rufe ta da gilashi don ki kare ta daga mai, kin toshe mata hanci, zafinta zai riƙa komawa cikinta. Yawancin masu ƙera su suna rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da zafi bai wuce digiri 35 ba. Mu a Yamai watan Afrilu da Mayu a inuwa ma ana wuce 40, balle gefen mai yana tafasa.

Tambaya ɗaya: me ke bayan wannan bangon?

Maman Nafisa:
Bangon murhu bayansa tsakar gida ne. Amma wanda ke kallon murhun, bayansa mangaza ce, inda zan ajiye buhunan fulawa da sukari. Tana ɓangaren arewa, da 'yar taga a sama.

Lawali mai gyara:
To alhamdu lillahi, magana ta zo da sauƙi. Jikin kwamfutar ya zauna a mangaza, kan kanta can sama, nesa da buhun fulawa don garin ma ƙura ne. A madafa allo kawai za a gani, irin na kwamfutar tebur, na hannu mai inci 19 ya ishe ki. Allo ba shi da fanka, ba ya jan iska. Magini ya huda bango a zura igiya, shi ke nan. Ki duba gefen kwamfutar ki gaya mini ramin da take da shi, HDMI ne ko shuɗin nan mai ƙananan ramuka 15, don allon da za a saya ya dace da ita.

Abdu Wadata:
Ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Jika 100 a kan bango? Ki sayi salula ta biyu mai araha, ki sa ta cikin leda ki rataye a ƙusa. In ta lalace ba a yi babbar asara ba. Sauran kuɗin ki ƙara a jari. Matanmu nawa ke sana'ar nan da salula kaɗai, kuma suna cin riba?

Maman Nafisa:
Malam Abdu na gwada ledar. Rubutun salula ƙanana ne, ni kuma idona ya fara neman tabarau. Sai na matso da fuska, na goge hannu, na taɓa, allon ya mutu, na sake taɓawa. Ranar da nake da oda uku, mai yana wuta, yara biyu suna taya ni murza dubulan, ina son abin da duk mu ukun za mu ɗaga kai mu gani daga inda muke: gidan wane roba nawa, ƙarfe nawa za a zo ɗauka, an biya ko saura.

Balkisa Yantala:
Yaya ni kam kwamfutar hannu mai shafe-shafe na liƙa a jikin kabad, kullum a jone da caji. Wata 8 ta yi. Wata safiya na ga allon ya ɗago daga gefe kamar murfin tukunya, ashe batirin ne ya kumbura ya turo shi. Mai gyara ya ce in fitar da ita daga ɗaki tun kafin ta kama wuta. Zafi da cajin da ba ya yankewa su suka kashe ta. Kuma ko kafin nan, in hannu da danshi ba ta jin magana, ki taɓa nan ta buɗe can. Ban ba ki shawarar ta ba.

Haruna ɗan jami'a:
Tanti, ku gafarce ni in sa baki. Me zai hana a bar tsohuwar kwamfutar a yi amfani da Raspberry Pi? 'Yar kwamfuta ce kamar tafin hannu, a Ingila aka ƙirƙiro ta, tun 2012 take kasuwa. Muna aiki da ita a Jami'ar Abdou Moumouni wajen gwaje-gwajenmu. Samfurin Pi 4 da caja mai volt 5 yake tashi, abin da yake ci bai kai wat 10 ba ko yana aiki sosai. Ana samun gidan ƙarfe da ake sa shi ciki, ƙarfen ne ke shanye zafi, ba fanka sam, ke nan ba abin da zai ja mai ciki. Sai a ɗaure shi a bayan allo da kusoshi, ba ruwanku da huda bango.

Ga lissafin wuta kuma. Abin da ke cin wat 100, irin tsohuwar kwamfutar tebur da allonta, in ya yi awa 8 kullum, kilowat-awa 24 ke nan a wata. Pi da ƙaramin allo su biyun ba za su wuce wat 25 ba, wato kilowat-awa 6 a wata. Mai mita ta kati ya san bambancin.

Lawali mai gyara:
Haruna lissafinka daidai ne, amma ba kwamfutar tebur muke magana ba, ta cinya ce, ita ma ba maciyar wuta ba ce. Kuma ga abu biyu. Na farko, Pi a kan ɗan katin ajiya yake tashi, irin na salula. In aka ɗauke kuran yana cikin rubutu a katin, sau da yawa katin ya rikice, gobe ka kunna ya ƙi tashi. Sau nawa ake ɗauke mana wuta a rana da bazara? Ke nan sai an saya masa batir nasa daban. Ita ta cinya batirinta na jikinta, ko na minti 20 ya rage ya isa a kashe ta cikin mutunci.

Na biyu, ranar da ya lalace wa zai gyara mata? Kwamfutar cinya ko ina ka shiga wajen masu gyara a Katako ko babbar kasuwa za ka samu caja, ka samu fanka, ka samu wanda ya san ta. Pi sai an yi saƙo daga waje, kai kuma lokacin ka gama karatu ka tafi. A yi aiki da abin da ke hannu.

Haruna ɗan jami'a:
Maganar katin gaskiya ce, ya taɓa cinye mana aikin mako guda. Amma batirin ta cinya shi ma zai kumbura kamar na Anti Balkisa in yana jone kullum.

Lawali mai gyara:
Shi ya sa na ce mangaza ta arewa, ba gefen wuta ba. Kuma ba kwana za ta yi a jone ba, in an gama aiki a kashe a zare. Zan duba ko tana da wurin da ake tsayar da caji a kashi 80, wasu suna da shi. In batirin ya riga ya fara ciki, a cire shi a sa wani.

Malam Isufu mai wuta:
Ku dakata da gardamar na'ura, a fara da abin da ke kashe mutum. Hajiya, kin ce ranar Asabar za a yi shafe, to ga abin da za ki tsaya a kansa kafin siminti ya taɓa bango.

Priz, wato soket ɗin da za a jona allo, kada ya zo saman murhu, kada ya zo saman wurin wanke-wanke. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100 da aka koyar da mu da ita ta hana wannan ƙarara. Kuma ya zama mai wayar ƙasa ta gaskiya, wadda aka kai ta ga ƙarfen da aka binne, ba wadda aka naɗe aka cusa a bayan priz ba. Gidaje da yawa da nake shiga, waya biyu ce kawai a bango. Wutarmu volt 220 ce, ke kuma ƙafa ba takalmi, karo jiƙe, hannu jiƙe. A akwatin wuta ki ce a sa miki mai yanke wutar nan na miliyampiya 30, wanda ke faɗuwa da zarar wuta ta fara bi ta jikin mutum. Ko ba kwamfuta ya kamata madafa ta samu wannan. In kuɗin ba zai kai duka ba, a jinkirta allo a sayi shi.

Sai tiyon da igiyar allo za ta bi. Maginai sun saba da ƙaramin tiyo na wayar fitila, kan igiyar HDMI ba zai wuce ta ciki ba. Ki ce mai milimita 32 ko 40 kike so, miƙaƙƙe, ba lanƙwasa. Kada a haɗa shi da wayar wuta, kowa da hanyarsa. Bayan an zura igiyoyi a toshe bakinsa ta ɓangare biyu, in ba haka ba kin buɗe wa ɓera da kyankyaso titi daga madafa zuwa buhun sukari.

Regilatar kuma, mai daidaita ƙarfin wuta, dole ne. Ba ɗauke wuta ke ƙona kaya ba, dawowarta ce. Ni kaina na yi asarar firigo a haka, dare ɗaya.

Sule Talaje:
Tunda kwamfuta za ta shiga, a haɗa mata ɗan na'urar shinshinar gaz mana. Akwai masu araha irin MQ-2, in butel ɗin gaz na yoyo sai saƙo ya fito a allo, har a salula.

Malam Isufu mai wuta:
A'a Sule. Ran mutane ba a rataye shi a kan kwamfutar da ake kashewa da dare. In tana son mai shinshinar gaz, ta sayi wanda ke zaman kansa, mai ƙara. Kuma a kafa shi ƙasa-ƙasa, don gaz ɗin butel ya fi iska nauyi, in ya zubo kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, ba ya tashi sama. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba na son a sa regilatar ko tarin waya a ƙasan kabad kusa da butel. Tartsatsi ɗaya ya isa. In da hali butel ɗin ya zauna waje cikin ɗan keji mai iska, tiyo ya shigo.

Hajiya Rabi:
Tun jiya nake karanta ku, jikata ke rubuta mini wannan daga nan Tawa. Maman Nafisa ɗiyata, ni maganar waya da batir ban san ta ba. Abin da na sani girki ne, na yi alkakin gara na aure ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa duba takarda ba.

Abin da ke damuna shi ne 'yan matan da kika ce suna taya ki. In kika kafa musu allo a gaba, idonsu zai koma can, ya bar hannunki. Mu da muka koya, a gefen uwa muka tsuguna. Ba wanda ya ce mana kanwa cokali kaza. Ka ga yadda ta ɗebo ruwan kanwar, ka ga launin da ƙullun ya koma, ta kama hannunka ta tura cikin kwaɓin ta ce ji nan, in ya yi haka ya tashi, in bai yi ba a bar shi ya ƙara kwana. Alkaman bana ba irin na bara ba ne, tsamin hunturu ba irin na bazara ba ne. Da sanyi kwaɓi sai ya yi kwana biyu bai motsa ba, da zafi kafin asuba ya wuce. Allo zai gaya musu wannan? Ruwan sukari kuma da yatsa biyu ake gane shi, in ya yi zare. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Kuma ina tsoron mai a wuta, yarinya ta shagala da kallo. Na ga wadda kasko ya kife wa a ƙafa, har yau da tabon take.

Balkisa Yantala:
Inna kun faɗi gaskiya a kan kallo. Lokacin da tawa ke aiki, sau biyu ina ƙona miya saboda na tsaya ganin ƙarshen wani abu.

Maman Nafisa:
Inna Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa haka yake, ni ma a gefen innata na koya, a Dogon Dutsi. Amma ku duba halin da nake ciki. Nafisa tana makaranta daga safe har yamma, sai Asabar da Lahadi take shiga madafa. Innata kuma ta tsufa, gwiwa ta hana ta tsugunno, zuwanta Yamai sau ɗaya ne a shekara. Akwai abubuwan da ita kaɗai ta iya a danginmu. Nakiyarta tana shekara ba ta canza ɗanɗano ba, tawa wata uku ta fara sauka. Na tambaye ta ta waya ta yi mini bayani tiryan-tiryan, tun daga wankin shinkafa da shanya, da yadda ake suyar garin, har lokacin da man shanu ke shiga. Muryar nan ce ta nutse a ruwan sukari. Da na sake tambaya sai ta ce ta gaji, sai na zo.

Ba so nake allo ya koya wa yarana girki ba. So nake in Inna ta zo bana in ɗauke ta tana yi, hannunta da muryarta, in ajiye inda ba zai faɗa tukunya ba. Ranar da ba ta, Nafisa ta kunna ta ji kakarta na cewa ji nan. Maganar kallo kuwa na ɗauka, ba za a sa fim ko ɗaya a ciki ba, kuma allon a bayan mai suya zai kasance, sai ta juyo za ta gan shi.

Hajiya Rabi:
To in haka ne na ji. Allah ya ja kwananta. Amma ki yi abu ɗaya. Kowace mace da gwangwaninta. In ta ce gwangwani uku, nata take nufi, wanda ya lotsa a gefe, ba naki ba. Tiyar Tawa ma ba lallai ta zo ɗaya da ta Yamai ba. Ki ce ta taho da abin awonta. Duk abin da ta ɗebo, kafin ta zuba, ki ɗora a sikeli ki rubuta. Har abin da take ɗiba da yatsu uku. Kuma ki ɗauki hoton kwaɓin kusa-kusa lokacin da ta ce ya yi, da lokacin da ta ce bai yi ba. Na biyun ya fi amfani.

Haruna ɗan jami'a:
Maganar Inna Hajiya ta tuna mini wani abu da muka karanta. A 1969 kamfanin Honeywell na Amurka ya fito da kwamfutar madafa, kantin Neiman Marcus ya sa ta a littafin tallarsa a kan dala 10,600 ta Amurka. Aikinta ajiye tsarin girki. Ba ta da allon rubutu, sai maɓallai da 'yan fitilu masu ƙiftawa, sai mace ta yi kwas na mako biyu kafin ta iya karanta abin da take nufi. Har katakon yanka aka haɗa mata a jiki. Babu shaidar an sayar da ko guda. A shekarar 2000 kuma LG ya fito da firigo mai intanet, kamfanin 3Com ya fito da wata 'yar na'urar madafa mai suna Audrey, wadda aka daina yin ta a 2001. Duk waɗannan injiniyoyi ne suka zauna suka yanke wa mai girki abin da take buƙata. Nan kuwa mai girkin ce ta zo da buƙatarta, har ta san inda za ta tsaya. Na janye maganar Pi, Tanti, a bi ta Malam Lawali. In kuna so ni zan zo in tsara muku teburin oda da na awo, da manyan baƙaƙe yadda za a gani daga nesa.

Sha'aibu mai alminiyom:
Daga Tawa nake, aikina tagogi da kabad. Hajiya kada a yi wa alkukin firam na katako, gara da tururi ba za su bar shi ba. Alminiyom da gilashi mai kaurin milimita 5, da roba a kewaye, ƙofar tana buɗewa don a goge. Zurfin alkuki santimita 10 zuwa 12 ya isa in an cire wa allon ƙafarsa. A bayan yawancinsu akwai ramukan kusa huɗu, tsakaninsu santimita 10 ko 7 da rabi, da su za a ɗaure shi.

Tunda gaban a rufe yake, dole bayan ya sha iska. A bar ramuka biyu zuwa mangaza, ɗaya ƙasa ɗaya sama, a rufe su da ragar sauro ta ƙarfe. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama.

Tsayi kuma kada magini ya auna da idonsa. Ke za ki tsaya inda kike murza ƙullu, a sa alama daidai idonki. In zaune kike yi a kujera 'yar tsugunno, a sauke shi. Na taɓa kafa wa wani gida talabijin a madafa daidai tsayin maigidan, matar tana aiki a zaune, wuyanta ya riƙa ciwo, sai da aka sake fasawa. Ki kuma duba taga: in tana kallon gilashin, da hantsi ba abin da za ki gani sai hasken rana.

Maman Nafisa:
Malam Sha'aibu, murza da yanka a zaune muke yi kan tabarma, suya a tsaye. To in gilashi ya rufe, da me zan riƙa juya shafi? Na duba gefen kwamfutar kuma, Malam Lawali, HDMI ne.

Lawali mai gyara:
Madalla. Linzami da madannai marasa waya za ki saya. Ɗan kan da ke karɓar saƙonsu kada a bar shi a mangaza, bango na rage masa ji, a jawo shi da igiyar USB ta cikin tiyon nan ya leƙo cikin alkuki. Igiyar USB kada ta wuce mita 5. Linzamin ki sa shi a farar leda ki ɗaure, in ta yi mai ki canza, amma ki gwada tukuna don wasu ba sa gani ta cikin leda. Madannai su zauna a aljihun kabad, sai za a rubuta oda a fito da su. Lasifika ƙarama ita ma ta shigo madafa, sama da ƙofa, tunda murya ce kan gaba.

In Windows 10 ke kan kwamfutar, Microsoft ya daina ba shi kariyar da ya saba bayarwa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar 11. Zan sa miki Linux Mint a madadin Windows, ba ya da nauyi. In faifan cikinta mai juyawa ne a canza shi da SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa, ya fi sauri, ya fi jure zafi da girgiza. WhatsApp za a iya haɗa shi da lambarki ya riƙa fitowa a allo, salular tana ɗaki abinta. Shi kaɗai ke buƙatar intanet. Awo da muryoyi da hotuna duk a cikin kwamfutar za su zauna, ko ba forfen intanet za su buɗe.

Amma ki ji wannan da kyau. Kwamfutar nan tsohuwa ce, wata rana za ta mutu. Duk abin da kika ɗauka na Inna, a ranar ki kwafe shi a kile USB biyu. Ɗaya a akwatinki, ɗaya a gidan wata 'yar'uwarki. Awon kuma Haruna ya buga miki a takarda a sa a leda mai tauri.

Abdu Wadata:
Har yanzu ina ganin kuɗin da yawa. Amma mai yanke wutar da Malam Isufu ya faɗa, ni ma zan sa a gidana, ban san da shi ba.

Maman Nafisa:
Jama'a barkanmu da Asabar. Tun ƙarfe 7 ina wurin ginin. Magini ya so ya sa ƙaramin tiyo, ya ce duk ɗaya ne, na ce a'a, na aiki yaro ya sayo mai 40. Na zauna a kan bulo daidai inda tabarma za ta kasance, na kuma tashi tsaye, aka raba tsakani aka sa alama da gawayi. Alkukin ya koma bangon mangaza, taku huɗu daga murhu, da ramukan iska biyu. Mai wutarmu ya tona ya nuna mini ƙarfen ƙasa da idona, ya ce mai yanke wutar sai Litinin. Butel zai zauna waje. Allo sai ƙarshen wata in an biya ni kuɗin wata gara.

Malam Sha'aibu, faɗin alkukin ya zo santimita 50, tsayi 36, ka gaya mini in ya yi wa mai inci 19 kafin shafen ya bushe.

Na kira Inna da daddare. Ta ce bayan girbi za ta zo, ƙanena zai rako ta. Na ce ta taho da gwangwaninta da ƙaramar ƙwaryar da take auna man shanu. Ta ce ƙwaryar ta tsage tun bara, ta ɗinke ta, amma tana nan.